Kuza da Kuntigi: Tarihin Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos

Gabatarwa

Masu nazarin waƙar baka ta Hausa sun saba kasa makaɗa kashi-kashi bisa ga waɗanda suke yi wa kiɗa. Akwai makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, waɗanda kowannensu yake da basaraken da ya riƙe shi. Akwai makaɗan sana'a, masu yi wa manoma ko maƙera ko mahauta. Akwai kuma makaɗan maza, kamar Ɗan Anace na 'yan dambe da Kassu Zurmi na mafarauta da 'yan tauri. Waɗanda ba su shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan rukunoni ba akan tara su wuri ɗaya a kira su makaɗan jama'a, a nan ne kuwa ake sa Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos. Sai dai wannan suna bai faɗi ko wace jama'a ce ake nufi ba, bai kuma bayyana yadda aka yi ta samu ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin Ɗan Maraya tare da tarihin mutanen da ya fara yi wa waƙa, watau leburori da yaran mota da sauran mazauna bariki. Za a ga cewa ba a iya fahimtar salonsa, ko kayan kiɗansa, ko irin Hausar da ya yi waƙa da ita, sai an koma ga sana'ar haƙar kuza, wadda tushenta yake a kudancin ƙasar Kano tun kafin zuwan Turawa.

Daga Riruwai zuwa Bukuru

Garin Riruwai, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Doguwa, tsohuwar ma'aikatar kuza ce. Mutanensa sun daɗe da sanin yadda ake wanke kuza daga yashin rafi, a narke ta, a zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, sa'an nan fatake su ɗauka zuwa kasuwanni. Wasu daga cikin masu wannan sana'a sun yi ƙaura zuwa ƙasar Bauci, inda suka kafa Riruwan Dalma. A ƙarshen ƙarni na 19 Turawan kamfanin Neja suka riƙa ganin waɗannan tsinkayen kuza a hannun fatake, suka ƙudura niyyar gano inda suke fitowa. Binciken da suka yi daga 1902 zuwa 1904 shi ya kai su tsaunukan Filato, ƙasar Birom da maƙwabtansu, inda suka tarar da kuza mai yawan gaske.

Ba a daɗe ba kamfanonin Ingila suka mamaye wurin, narkar da kuza ta gargajiya kuwa ta mutu. A 1914 aka kammala ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, a 1927 kuma babbar hanya ta gabas ta iso Jos. Aikin haƙa yana bukatar hannuwa da yawa, gwamnatin mulkin mallaka kuwa tana karɓar haraji da tsabar kuɗi. Saboda haka da zarar an gama girbi sai samari daga ƙasashen Kano da Zazzau da Katsina da Sakkwato da Barno su nufi kuza cin rani. Manomin Kiru ko Bebeji ko Tudun Wada da ya tafi neman kuɗin haraji da na aure yakan koma gida kafin faɗuwar damina. Amma akwai waɗanda ba su koma ba, su ne suka kafa unguwannin Hausawa a Jos da Bukuru da Barikin Ladi, har aka naɗa musu sarakunan Hausawa.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu al'amarin ya tsananta. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, alhali can ne aka fi haƙo kuza a duk daular Ingila. Sai aka juyo kan Nijeriya, aka ɗora wa En'e-En'e na Arewa nauyin kawo ma'aikata ko suna so ko ba sa so. Wannan shi ne abin da talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna, an kuwa yi shi daga 1942 zuwa 1944. Mutane dubbai aka kwasa, da yawa kuma suka mutu saboda sanyin tsauni da ƙarancin abinci da cututtuka, kamar yadda Bill Freund ya nuna a littafinsa na tarihin ma'aikatan kuza wanda ya fito a 1981. Shekara biyu bayan an daina wannan ɗiba aka haifi Ɗan Maraya a Bukuru.

Haihuwarsa da Tashinsa

An haifi Adamu a shekarar 1946. Mahaifinsa, wanda ake kira Wayya, mutumin ƙasar Sakkwato ne, makaɗi ne kuma a ƙofar Sarkin Hausawan Bukuru. Ya rasu Adamu yana jariri, mahaifiyar ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Sarkin Hausawan ne ya ɗauki yaron ya rene shi a gidansa, daga nan laƙabin Ɗan Maraya ya bi shi har ya danne sunan yanka.

Akwai abin lura a nan game da gado. A al'adar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, yaro yakan tashi a bayan ubansa yana ɗaukar kayan kiɗa, ya zama ɗan amshi, ya haddace kirarin gidan da suke yi wa kiɗa da sunayen kakanninsa, kafin wata rana a ba shi jagoranci. Adamu ya gaji jinin kiɗa, amma mutuwa ta yanke wannan tarbiyya. Bai sami ƙungiyar da zai gada ba, ba shi kuma da tarin waƙoƙin uba da zai ɗora a kai. Maraicin da ya hana shi gadon shi ne kuma ya sake shi ya zaɓi kayan kiɗan da ya ga dama da mutanen da zai yi wa.

A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri yana yaro ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa. Da ya komo Jos sai ya haɗa nasa, bai kuma rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Kuntigi

Kuntigi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, dangin molo da garaya da gurmi. Abin da ya bambanta shi da su shi ne cikinsa. Maimakon ƙwarya ko icen da aka fafe, gwangwanin kifi ake samu, a rufe bakinsa da fata, a soka ɗan siririn sanda, a ɗaura tsirkiya. Yaro ma yana iya haɗa shi da abin da ya tsinta a bola, shi ya sa manyan makaɗa ba su ɗauke shi bakin komai ba.

Gwangwani kuwa ƙarfe ne da aka shafe da kuza don kada ya yi tsatsa. Kafin a buɗe ma'aikatar narka kuza ta Makeri a Jos a farkon shekarun 1960, ɗanyar kuzar Filato Ingila ake kai ta, can ake narkewa, kayan gwangwani kuma su shigo kantunan Jos da Bukuru da tsada. Watau kuntigin gwangwani ɗan zamanin bariki ne, kamar yadda lebura da yaron mota suke 'ya'yan wannan zamani. Taushi da kotso da tambari suna da fadar da suka dogara da ita, kalangu yana da mahauta, amma kuntigi bai zo da ubangida ba.

Ta fuskar fasaha, tsirkiya ɗaya ba ta ba makaɗi sarari mai yawa. Ɗan Maraya ya mai da wannan ƙunci abin amfani. Da yake ba shi da 'yan amshi, sai ya sa kuntigin ya riƙa yin aikinsu: idan ya kai ƙarshen ɗan waƙa sai ya yi shiru, tsirkiya ta karɓa, ta ba shi damar numfasawa da shirya ɗa na gaba. Da yake kuma babu ganguna masu rufe murya, kowace kalma tana fita sarai. Wannan ya dace da mawaƙin da jigonsa yake cikin maganar da yake yi, wanda yake so a bi zancensa daga farko har ƙarshe.

Waƙar Karen Mota

Waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta Karen Mota. Domin a gane nauyinta, sai a tuna da halin da sufuri yake ciki a lokacin. A 1957 aka rufe ƙaramar hanyar jirgin Zariya zuwa Jos, manyan motoci kuma suka ci gaba da karɓe jigilar kaya da mutane. Motar da ta taso daga Kano za ta Jos takan ratse a Kwanar Ɗangora, ta bi ta Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta wuce Doguwa da Saminaka, sa'an nan ta fara hawan tsauni. A kowace irin wannan mota akwai yaron da yake loda kaya da sauke su, shi ne mai ɗebo ruwan lagireto, shi ne mai dirowa da gudu ya sa waji idan mota ta tsaya a hawa, shi ne kuma mai kwana a kan kaya yana gadi. Sunan da aka ba shi ya isa shaida a kan matsayinsa a idon jama'a.

Ba Ɗan Maraya ne ya fara yi wa mai aikin ƙarfi waƙa ba. Manomi yana da makaɗinsa, haka maƙeri da mahauci da ɗan dambe. Amma waɗannan duk sana'o'in gado ne, kowace da sarkinta da kirarinta da kiɗanta tun kaka da kakanni. Sana'o'in da zamanin Turawa ya kawo ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A maƙalarsa ta 1957 a kan roƙo, M. G. Smith ya nuna cewa aikin maroƙi shi ne tabbatar da darajar mai daraja, ta hanyar ambaton asali da sarauta da kyauta. Karen mota ba shi da asalin da za a ambata a garin da yake baƙo, ba shi da sarauta, ba shi kuma da abin kyauta. Yi masa waƙa yana nufin an sami wani ma'auni na daban da za a auna mutum da shi, watau wahalar da yake sha da amfanin da yake yi wa jama'a. A kan wannan ma'auni Ɗan Maraya ya gina Waƙar Sana'a da sauran waƙoƙinsa masu kira ga neman na kai da ƙyamar zaman banza.

Jigogin Waƙoƙinsa

Ko da yake ya yi wa manyan mutane waƙa kamar sauran makaɗa, abin da aka fi saninsa da shi shi ne waƙoƙin zaman duniya. Ana iya kasa su gida uku.

Na farko su ne na aure. Jawabin Aure tana bin matsalolin da suke raba miji da mata tana kira ga haƙuri, Auren Dole kuwa tana jan kunnen iyaye masu ɗaura wa 'ya'yansu aure da wanda ba sa so. Mazaunin Jos ko Bukuru ya san ƙarshen irin wannan aure da idonsa, domin da yawa daga cikin matan da suka zauna zaman kansu a bariki gudun auren dole ne ya raba su da garuruwansu. A Gulma Wuya ya nuna yadda magulmaci yake shiga tsakani ya wargaza aure. A irin waɗannan waƙoƙi yakan sauya murya, ya yi maganar wannan ya yi ta wancan, har waƙar ta zama tamkar wasan kwaikwayo na mutum ɗaya.

Na biyu su ne na halin ɗan Adam da bambancin arziki, kamar Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali da Mai Akwai da Babu. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: Ɗan Maraya bai yi kiran a rushe tsarin da ya raba mai shi da marar shi ba. Wa'azinsa na haƙuri ne da riƙon amana da tausayi, yana tunatar da kowane ɓangare haƙƙin da yake kansa. Wanda ya nemi irin zafin waƙoƙin NEPU a bakinsa ba zai samu ba. Gudummawarsa ita ce ya sa talaka a tsakiyar waƙa a matsayin mutum mai suna da sana'a da mutunci.

Na uku su ne na al'amuran ƙasa. A lokacin yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, ya yi waƙoƙi da dama na ƙarfafa wa sojojin tarayya gwiwa, inda ya riƙa siffanta fagen daga. Wannan ya zo daidai da bunƙasar rediyo, musamman gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, wanda ya kai muryarsa ƙauyukan da bai taɓa takawa ba. Da kaset ya yawaita a shekarun 1970, sai waƙoƙinsa suka koma hannun mutanen da aka yi su dominsu, ana jin su a tasha da teburin mai shayi da gaban mota.

Harshensa

Hausar Ɗan Maraya ta bambanta da ta makaɗan fada. Waƙar Narambaɗa cike take da tsofaffin kalmomin Gobir da Zamfara da habaici mai zurfi, har Bakano ma wani lokaci sai an yi masa fashin baƙi. Ɗan Maraya ya tashi a wurin da Hausa take harshen haɗuwa tsakanin Bahaushe da Birom da Angas da Babarbare da Tibi da mutanen Kudu. Jimlolinsa gajeru ne, kalmominsa na kasuwa da tasha ne, bai kuma ƙyamaci kalmomin aro irin su lebura da direba ba. A waƙar Bob Guy, inda ya yi wa ɗan gayun birni mashayi shaguɓe, sunan waƙar kansa daga bakin 'yan bariki ya ɗauko shi.

Wasu suna ganin wannan sauƙi kamar rashin zurfi ne. Amma sauƙin ne ya sa miliyoyin mutanen da Hausa ba harshen uwa ba ne a gare su suka karɓe shi, ya zama makaɗin Hausa na Filato da Binuwai da kudancin Zariya kamar yadda yake na Kano da Katsina. Ga mai nazarin harshe kuwa, waƙoƙinsa taska ce ta Hausar birane ta rabin ƙarni na 20 na biyu. Habib Ahmed Daba na Jami'ar Bayero ya yi nazari mai faɗi a kansa, Graham Furniss ma ya ba shi wuri a littafinsa na adabin Hausa na 1996.

Hanyoyi Biyu na Fuskantar Zamani

Makaɗan ƙarni na 20 a ƙasashe da yawa sun fuskanci tambaya ɗaya, watau yadda za su yi da kayan kiɗan Turawa. Wasu sun ƙware a kansu, sa'an nan suka juyo da su gida. Alal misali Toshiko Akiyoshi, 'yar Japan mai kaɗa fiyano da aka haifa a 1929, ta tafi makarantar kiɗa ta Berklee a Amurka a 1956 don koyon jaz, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. A 1973 ta kafa babbar ƙungiya tare da mijinta Lew Tabackin, daga 1974 kuma ta fara shigar da gangunan gargajiyar Japan da jigogin tarihin ƙasarta cikin kiɗan da take tsarawa. A Arewacin Nijeriya Bala Miller ya bi hanya mai kama da wannan, inda ya yi waƙoƙin Hausa da ƙungiya mai kayan busa da jita a Kaduna.

Ɗan Maraya ya bi ɗaya hanyar. Ya karɓi rediyo da faifai da kaset da talabijin, ya hau jirgin sama ya kai kiɗansa Turai da Amurka, amma bai sauya kuntigi da wani abu ba. Zamanancinsa yana cikin abin da yake faɗa da waɗanda yake faɗa wa. Masana kiɗa sun nuna cewa banjo, wanda aka yi amfani da shi a farkon jaz, ya samo asali ne daga kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma da bayi suka tafi da iliminsu. Ke nan Ba'amurken da ya saurari kuntigi ya saurari ɗan'uwan abin da ya riga ya sani.

Ƙarshen Rayuwarsa

Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa. Ga mutumin da al'ada ta sa sana'arsa a sahun ƙasa, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Sai dai duniyar da ta haife shi ta riga shi gushewa. Kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985, manyan kamfanoni suka watse suka bar ramuka da tafkuna a Filato, aikin haƙa na zamani da aka fara a Riruwai shi ma ya tsaya a cikin shekarun 1980. Daga Satumba 2001 kuma Jos ta faɗa cikin rigingimu, inda aka yi ta jayayya a kan wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, aka yi asarar rayuka masu yawa a kowane ɓangare. Jikokin waɗanda suka zo aikin kuza da jikokin waɗanda aka haƙa kuzar a gonakinsu suka raba unguwanni. Ɗan Maraya, wanda sunan garin ya zama rabin sunansa, bai bar Jos ba. A can ya rasu ranar Asabar 20 ga Yuni 2015, cikin watan azumi.

Kammalawa

Tarihin sarakunan Hausa yana da marubutansa da makaɗansa. Leburan kuza da yaron mota da matar da ta gudu daga auren dole ba su bar rubutu ba, rahotannin Turawa kuwa adadinsu kawai suka ƙidaya. Waƙoƙin Ɗan Maraya suna cikin 'yan wuraren da aka adana yadda waɗannan mutane suke magana da abin da yake damunsu.

Amma waƙa ba ta zama hujjar tarihi sai an san lokacin da aka yi ta da dalilin yin ta. Yawancin waƙoƙinsa da suke yawo a wayoyi da intanet ba su ɗauke da shekara ko wurin da aka ɗauke su, faifai da kaset kuwa ba sa jure zafi da ƙura. Tun daga shekarun 1990 kiɗan fiyano na ɗakunan ɗaukar waƙa ya rinjayi matasa, masu kaɗa kuntigi sun yi ƙaranci. Aikin da yake gaban sassan Hausa na jami'o'i shi ne su tattara waƙoƙin daga gidajen rediyo da hannun masu ajiya, su rubuta su, su jera su bisa shekarunsu. Ya kamata kuma a tuntuɓi tsofaffin direbobi da leburorin da suka rage a Bukuru da Riruwai da Tudun Wada tun suna da rai, domin su ne za su iya faɗin abin da kowace waƙa take nufi a ranar da aka fara jin ta.